Kundin aikin fakitin kilishin Kawu

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Kawu ya amince in tsara masa fakitin kilishi da tambari da allon shago, a gama kafin tsakiyar Disamba lokacin da ciniki ke tashi. Tun kafin a haife ni yake wannan sana'a a Agege. Da asuba ake ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba, mai saye kuwa a takarda ruwan ƙasa ake naɗe masa a jefa a baƙar leda. Yanzu wasu manyan kantuna a Ikeja da Lekki sun ce za su karɓi kayansa in ya kawo a rufaffen fakiti mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Maganar rajista tana hannun babban ɗansa. Zane shi ne nawa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini. "Uwata, ki sa bijimi mai ƙaho, ki sa dagin Arewa, ki haɗa kore da ja. Kowa haka yake yi." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ke damuna ke nan. Na zaga kantuna na duba fakitocin kilishin da ke kan kanta: bijimi, dagi, wani lokaci raƙumi ko dabino, duk a leda mai ƙyalli. In aka rufe sunayen babu mai iya raba na wane da na wane.

A shagon da nake aiki katin biki da fosta muke yi a CorelDraw, kuma al'adar ita ce in aiki ya zo a leƙa Pinterest a ga abin da ake yayi. Wannan karon na daina duba fakitin kowa. Masu zanen zamani zan bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tambaya guda: me ya ɗauko daga gida, kuma me ya yi masa har ya zama nasa?

Asabar, 13 ga Satumba

Na je gidan zane na Nike a Lekki. Shiga kyauta ne, bene hawa-hawa, ko'ina zane har kan matakala. Ido yana gajiya da wuri, don haka na zaɓi adire, rinannen yadin Yarbawa, na tsaya a kansa. Nike Davies-Okundaye 'yar Ogidi ce a jihar Kogi, an haife ta a 1951, kuma a hannun tsofaffin gidansu ta koyi saƙa da rini. A irin adiren da ake wa zane da hannu, kunun rogo ake ɗiba da gashin kaza a zana a kan farin yadi, a bari ya bushe, sannan a tsoma a baba. Inda kunu ya taɓa rini ba ya kamawa. Ana raba zanin gida-gida, kowane gida da adonsa, amma launi shuɗi ne kawai da fari.

Wanda ya san marinar Ƙofar Mata ba zai ji baƙunta a gaban wannan shuɗin ba. Abin da na dawo da shi gida ƙarami ne: launi biyu sun isa, muddin layin na hannu ne.

Lahadi, 28 ga Satumba

Kwanan nan El Anatsui nake karantawa, kuma shi ne ya juya aikin gaba ɗaya.

Mutumin Ghana ne, haihuwar 1944, amma tun 1975 ya zo koyarwa Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, a can ya yi mafi yawan rayuwarsa ta aiki. Ya yi aiki da yumɓu, ya yi da katako yana tsaga shi da zarton inji, ya yi da tsofaffin magogin rogo da murafan gwangwanin madarar Peak. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun murafan kwalaben giya da aka yar, ya ajiye. Daga baya aka fara baje murafan, a huda, a ɗinke da wayar tagulla, har su zama shimfiɗa mai rufe bangon bene. A hoto tana saukowa da nauyi da sheƙi kamar babbar rigar da ta sha bugu. A 2015 aka ba shi kyautar girmamawa ta aikin rayuwa a babban baje kolin zane na birnin Benis a Italiya, a 2023 kuma ya cika babban zauren gidan zane na Tate Modern a Landan da aikinsa.

Sheƙin ba shi ne ya kama ni ba. Yadda ake aikin ne. Mataimaka da yawa suna ɗinka ƙananan ɓangarori, shi kuma ya shimfiɗa su a ƙasa, ya matsar da wannan, ya juya wancan, har ya ga abin da yake nema. Kuma ba ya tilasta wa masu ratayawa yadda za su lanƙwasa aikin, kowane waje da irin faɗuwarsa. Murfin kwalba ya fito ne daga unguwar da yake zaune, kuma yana ɗauke da tarihin cinikin giya tsakanin Turawa da gaɓar tekun nan. Bai je neman wata alama da za ta ce "ga ɗan Afirka" ba. Abin da ke zube a ƙasa ya duba, ya daɗe yana dubawa.

Haka Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, haihuwar 1987. Buhunan algarara yake amfani da su, waɗanda ake shigowa da su Ghana don koko, daga nan su koma hannun 'yan hatsi, ƙarshensu a zuba gawayi. Yana karɓar tsofaffin da faci da dauɗa da sunayen 'yan kasuwa a jikinsu, a ɗinke su a lulluɓe gine-gine. A 2015 ya rufe dogon bango da su a Benis. Duk ɗan kasuwar Mile 12 ya san irin buhun nan da rubutun da ake yi masa kafin a ɗora a tirela.

Sai na tambayi kaina: mene ne murfin kwalbar kilishi? Ba bijimi ba ne, domin mai tsire da mai balangu da mai nono duk suna da bijimi. Jiya na wuni a filin shanyar Kawu. Ana yanka naman cinya marar kitse, a buɗe shi da wuƙa a hankali har ya zama falle mai shara-shara, a shimfiɗa a gadon kara. In ya bushe a tsoma a labu, wato tunkuza da aka dama da albasa da citta da kanumfari da masoro da barkono da gishiri, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama. Damina ba ta gama tafiya a Legas ba, yara suna ta kwasa suna mayarwa duk sa'ad da hadari ya haɗo. Da aka ɗaga wani falle, sai na ga bayansa duk shatin kara ne, layi-layi, ba miƙaƙƙu sosai ba, kuma inda gaɓar kara take layin yakan ɗan tsinke. Kowane falle da nasa shatin. Na ci kilishi tun ina ƙarama ban taɓa juya shi na duba ba, kuma ban ga wannan a fakitin kowa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na roƙi kara kaɗan a wajen yaran Kawu. Na ɗaure su gefe da gefe, na shafa tawadar gawayi da ƙaro, na ɗora takarda na murza da bayan cokali. Wasu sun jiƙe sun lalace, wasu sun fito da kyau: layi mai kauri a nan, siriri a can, gaɓoɓi a warwatse. Na yi sikanin ɗinsu a shago. Da na gwada zana irin layin da kwamfuta don kwatantawa, sai ya fito sumul ba rai. Na hannun zan yi amfani da shi, ba zan gyara tsinkewar ba.

Bruce Onobrakpeya ne ya ba ni ƙarfin gwiwar bugawa kai tsaye daga jikin abu. Ya haura shekara 90, kuma a Mushin ɗakin aikinsa yake, nan kusa da mu. A 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin bugu, ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, da ya buga sai ya ga tudu da kwari da bai taɓa samu ba, daga nan ya gina salon bugu nasa na kansa. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarar Bature a haɗa da abin gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango.

Wannan yana taɓa ni, domin asalinmu Zariya ne. Babban motsin zanen zamani na ƙasar nan a garinmu ya tashi, a garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a, garin da magina ke yi wa fuskar gida ado da hannu tun laka tana ɗanya. Duk wannan dukiya muna da ita, amma in za mu nuna kanmu a takarda sai mu tattara ta mu mayar da ita dagi ɗaya a kusurwa. Ba na ƙin dagi. Ina ƙin a ce shi kaɗai gare mu.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Launi. Abdoulaye Konaté na Mali, haihuwar Diré a 1953, da shadda yake aiki. Ana rina ta, a yanka siri-siri, a jera a ɗinka layi bisa layi, launi yana tashi daga mai duhu zuwa mai haske a hankali. Da na ga haka sai na tuna kwanukan labu a filin shanya: na farin kilishi ruwan gyaɗa, na matsakaici ruwan goro, na mai zafi ja mai duhu. Don haka fakitin takarda ruwan ƙasa zai zama, irin wadda masu saye suka saba gani a hannun Kawu, mai rufin ciki da ke tare mai. Shatin kara da rubutu baƙi-baƙi. Launi na biyu shi ne zai riƙa sauyawa ya faɗi zafin yaji tun daga nesa. A bugun sikirin kowane launi da ragarsa da kuɗinsa, launi biyu kuwa aljihun Kawu zai ɗauka.

Na kai masa da yamma. Ya juya takardar sama da ƙasa.

"Uwata, ina bijimin?"

"Kawu, ku dai duba da kyau. Me kuka gani?"

Kafin ya amsa, wani yaronsa ya leƙo ya ce, "Ai gadon shanya ne wannan." Kawu ya yi murmushi, amma bai sauka ba. Ya ce ɗan Agege zai gane, to matar da ke tura kwando a kantin Lekki fa, wadda ba ta taɓa ganin gadon kara ba? Da me za ta san naman sa ne? Hujja ce mai ƙarfi. Mun tsaya a kan abu biyu: taga ta leda a gaban fakiti da za a riƙa hango naman, da ƙaho biyu kawai a tambari, dogaye irin na rahaji, ba kai ba jiki.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Rubutu ya fi komai cin lokaci.

Ibrahim El-Salahi ɗan Sudan ne, an haife shi a Umdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan a shekarun 1950, ya koma gida ya baje aikinsa, sai ya ga mutanensa ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga abin da idonsu ya sani, wato harafin Larabci. Ya fara saka shi a zane, sannan ya riƙa warware shi, yana jan wutsiyarsa, yana buɗe cikinsa, har siffofi suka fito daga ciki. Ya zo Najeriya a farkon shekarun 1960 ya nuna aikinsa a Mbari, dandalin marubuta da masu zane na Ibadan. A 2013 Tate Modern ta yi baje kolin aikin rayuwarsa, shi ne ɗan Afirka na farko da ta yi wa haka. Labarinsa ya yi kama da abin da nake tsoro: in yi abin da zai burge 'yan Lekki, mutanen Agege su ce ba nasu ba ne.

Akwai kuma Victor Ekpuk, ɗan Akwa Ibom da ya yi shekaru yana zane a jaridar Daily Times a nan Legas. Alamomin nsibidi na yankinsu ya ɗauka ya faɗaɗa har suka zama rubutunsa na kansa, kuma yana da jerin ayyuka da ya yi a kan allo, irin namu na makaranta. Aikin yana da kyau ƙwarai, na daɗe ina kallo. Amma ni da na riƙe allo na wanke shi da hannuna, nauyinsa a zuciyata daban ne, kuma na san ba zan ɗora siffarsa a kan abin ci ba.

Niyyata ta farko ita ce in sa sunan shagon da ajami babba a gaban fakiti. Ajami yana nan a takardar naira 200 da 500 da 1000, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, kuma tsofaffinmu da yawa shi suka fi karantawa. Na kai wa Malaminmu na Islamiyya maganar. Ya ce, "Malama, ajami ba Alƙur'ani ba ne, babu laifi a rubuta sunan shago da shi. Amma fakiti ina yake ƙarewa?" A kwata yake ƙarewa, ko a bola. Ya ce wanda ya hango haruffan a cikin ƙazanta ba zai tsaya karantawa ya gane sunan kilishi ne ba, zuciyarsa ce kawai za ta sosu. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ga yadda na raba. Ajami zai hau allon shago, inda zai zauna a sama cikin mutunci. Akwai nau'in haruffan kwamfuta mai suna Alkalami da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar kyauta bisa salon rubutun Kano, na gwada shi don auna wuri, amma wani alaramma a Zango ne zai rubuta na gaskiyar da hannunsa, a biya shi kuɗin aikinsa. A fakiti kuwa boko ne, sai dai da alƙalamin kara na rubuta shi, an fere bakinsa da faɗi irin na masu rubutun allo. Kaurin layin da yadda yake sirancewa a lanƙwasa sun taho tare da alƙalamin. Wanda ya yi makarantar allo zai ji hannun ko da haruffan na boko ne. Abin da na fahimta a wajen El-Salahi ke nan: motsin hannun ake ɗauka.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Makon baje kolin zane na Art X Lagos ne, wanda Tokini Peterside ta fara a 2016, hotuna sun cika waya. Ni bayan fakiti nake fama da shi: kayan haɗi, nauyi, ranar yi, ranar lalacewa, lambar rukuni, gurbin lambar NAFDAC, adireshi, da Hausa da Turanci.

Njideka Akunyili Crosby ce ta taimake ni. 'Yar Inugu ce mazauniyar Amurka, kuma 'yar marigayiya Dora Akunyili da ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, hukumar da nake wa gurbi a takardata yanzu. Tana ɗaukar hotunan mujallun Najeriya da na iyali ta manna tawadarsu a jikin takarda, ɗaruruwa, a bango da tufafi da ƙasan ɗakin da ta zana. Daga nesa ɗaki ne natsattse. Sai ka matso ka ga ashe cike yake. Na bi wannan tsari: abu uku kawai ake gani daga nesa, wato sunan shago da launi da taga. Sauran bayanai ƙanana ne, a jere cikin tsagin da ke tsakanin layukan kara, ga mai son karantawa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Shomolu. A wata maɗaba'a aka buɗe aikin a kwamfutarsu, sai ɗ ta gyaɗa da ƙ suka koma akwatuna, saboda nau'in haruffansu ba shi da masu lanƙwasa. Ma'aikacin ya ce a sa d kawai, wa zai lura? Na ce masu sayen farko za su lura. Na mayar da rubutun duka zane yadda ba zai sauya a kowace kwamfuta ba.

Babbar matsalar launi ce. Takarda ruwan ƙasa tana shan fenti, ruwan gyaɗa ya ɓace a kanta gaba ɗaya. Mai bugun, dattijon Bayarabe da ya san aikinsa, ya ce, "Alhaja, ko a shimfiɗa fari a ƙasa, raga ta uku ke nan da ƙarin kuɗi, ko ki bar farin ya zama shi ne launin." Na zaɓi na biyu. Farin kilishi ya samu farin fenti, kuma ya fi abin da na tsara kyau. Ruwan goro mun ƙara masa ja kaɗan don ya rabu da takardar.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Samfurin farko ya iso. An cika wasu da kilishi an liƙe, mun ajiye rabi a shago inda zafi yake, rabi a ɗaka, don a ga ko mai zai ɓullo ta wajen liƙin. Zuwa yau bai ɓullo ba. Taga ta yi faɗi, tana cin ƙasan tambari, za a rage ta. Kawu ya ɗauki na mai zafi ya kai wa abokansa a bakin masallaci, ya dawo ya ce a ƙara girman lambar waya, tsofaffi ba sa gani. Za a ƙara. Alaramma ya kawo rubutun allon shago iri biyu, Kawu ne zai zaɓa, sannan a kai wa mai fenti.

Kawu ya kuma ce in fara tunanin fakitin dambun nama da na yaji. Shatin kara ba zai yi musu ba, domin ba sa hawa gadon shanya, dole in koma in zauna inda ake yin su. Na fara karanta Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, ta tashi a Legas, take zaune a Beljiyam. Ta yi aiki a kan goro, ta kuma yi wani a 2017 inda aka dafa sabulu da mayuka daga ƙasashe daban-daban, tana bin sawun kowane abu zuwa ƙasar da ya fito da hannun da ya noma shi. Yajin Kawu ma haka yake: citta daga Kachia, albasa daga Aliero, sauran a Mile 12 ake haɗo su. Ranar Litinin zan bi babban ɗansa kasuwa da littafina, in tambayi kowane mai kaya daga ina buhunsa ya taso, in kuma ɗauki hoton rubutun da ke jikin buhunan.